Likita Mila Da Jama'ar Wusasa

An haifi Walter Miller, wanda Zagezagi suka fi sani da Likita Mila, a Ingila cikin shekarar 1872. Bayan ya gama karatun likita sai ya tafi Tarabulus, inda ya koyi Hausa. Cikin 1900 ya iso Kano tare da ayarin Bishop Tugwell, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba. Daga baya, cikin 1905, ya sami wurin zama a birnin Zariya.

A nan ya buɗe makaranta da ɗakin magani, ya tara 'yantattun bayi, da 'ya'yan Filani, da zuriyar Isawa, ba a fifita wani saboda asali. Abin da ya dage a kai shi ne, Bahaushe yana iya zama Kirista ba tare da ya yar da harshensa ko rigarsa ba. Sai dai zafin ra'ayinsa ya haɗa shi rigima da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, har ma da Turawan mulki.

Cikin 1929 aka mai da mishan Wusasa, inda aka gina majami'a da ƙasa irin ginin Hausa. Shi kuwa ya duƙufa kan fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikin 1932. Ya rasu cikin 1952.

Daga cikin wannan 'yar ƙaramar jama'a ne aka sami Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu.