Al-Hallaj, sufin da aka kashe a Bagadaza a shekarar 922

An haifi Husaini ɗan Mansur wajen shekarar 858 a yankin Farisa, cikin Iran ta yau. Mahaifinsa mai shiɓar auduga ne, ma'anar laƙabin Hallaj ke nan. A garin Wasiɗ ya haddace Alƙur'ani, ya yi almajiranci wurin Sahlu Tustari, daga bisani ya zauna gaban Junaidu a Bagadaza. Ya yi hajji sau uku, yawon wa'azi kuma ya kai shi har Indiya.

Abin da ya raba shi da malamansa shi ne maganar fana'i. Sufaye sun ce mai zikiri yakan kai wani matsayi da son Ubangiji zai cinye shi, ya mance da kansa, ya mance ma yana zikiri. A nan babu sauran mai kallo a gefe guda da abin kallo a ɗaya gefen, Wanda ake ambato kaɗai ya rage. Junaidu ya yarda da wannan hali, amma ya ga wajibi ne bawa ya farfaɗo, ya kame bakinsa. Hallaj kuwa ya kai zancen kasuwa. An ruwaito ya kira kansa da al-Haƙƙu, ɗaya daga cikin sunayen Allah. Masu suka suka ce da'awar allantaka ce. Masu kare shi suka ce a wannan lokaci ai babu wani Husaini da ya saura balle ya yi da'awa.

An kama shi a 913, ya yi kusan shekara tara a tsare. Abin lura, ba wannan kalma aka kafa hujja da ita a kotu ba. An dogara ne da wani rubutu da ke cewa wanda ya kasa zuwa Makka yana iya yin ɗawafi a gidansa. Waziri Hamidu ɗan Abbas ya matsa, alƙali Abu Umar ya sa hannu, Halifa Muƙtadir ya amince. Siyasar fada ta yi aiki sosai a shari'ar. A watan Maris na 922 aka yi masa bulala, aka yanke hannuwansa da ƙafafunsa, aka sare kansa, aka ƙona gawar, aka zuba tokar a kogin Dijla.

Imam Gazali ya yi masa uzuri da mayen ƙauna, Ibn Taimiyya kuwa ya ga hukuncin daidai ne. Masu karatun Faransanci sun fi saninsa ta babban littafin da Louis Massignon ya wallafa a kansa a 1922.