Walter Bruch: Injiniyan da ya haɗa kyamarar CCTV don kallon rokar Hitler

Kyamarar tsaron da ake liƙawa yau a ƙofar banki ko kantin sayar da waya ba don ɓarayi aka fara haɗa irinta ba. Ɗaya daga cikin na farko da tarihi ya sani an kafa ta ne a 1942 a Peenemünde, sansanin gwajin makamai da ke tsibirin Usedom a arewacin Jamus, inda sojojin Hitler ke gwada rokar da daga baya aka sani da V-2.

Rokar kan tarwatse a wurin harbi, don haka tsayawa kusa da ita sayar da rai ne. Sai aka kafa kyamara tana kallon wurin, aka ja waya zuwa allon talabijin da ke cikin wani ɗaki mai kariya. Hoton ba ya fita iska balle wani ya kama shi a gidansa, iyakarsa wannan allon. Ma'anar CCTV ke nan har gobe. Injiniyan da ya kula da aikin shi ne Walter Bruch.

An haifi Bruch a ranar 2 ga Maris, 1908 a garin Neustadt da ke kudu maso yammacin Jamus. Ya yi karatun lantarki a makarantar fasaha ta Mittweida, sannan ya koma Berlin, inda ya haɗu da masu ƙoƙarin ƙera talabijin tun tana jaririya, irin su Manfred von Ardenne.

A 1935 ya kama aiki da Telefunken, kamfanin da Siemens da AEG suka kafa tare a 1903 don harkar rediyo. Bayan shekara ɗaya aka yi gasar Olympics a Berlin, kuma Bruch na cikin waɗanda suka riƙe wata ƙatuwar kyamara da mutane suka laƙaba wa suna igwar Olympics saboda girmanta.

Aikinsa na Peenemünde kuwa ba abin da za a wuce da sauri ba ne. An yi nasarar harba rokar a ranar 3 ga Oktoba, 1942, kuma daga Satumban 1944 ta fara sauka a kan Landan, daga baya har da Antwerp ta Beljiyam. Fursunoni aka tilasta wa ƙera ta a ramukan ƙarƙashin ƙasa na Mittelbau-Dora, kuma waɗanda suka mutu wajen ƙera ta sun fi waɗanda ta kashe a wuraren da ta faɗa. Bruch ba shi ya ƙera rokar ba, amma kyamararsa na cikin kayan aikin da suka taimaka aka gyara ta.

Kyamarar ta lokacin ba ta adana komai. Dole mutum ya zauna ya zuba wa allo ido, in ya ɗauke kai to abin ya wuce. Sai a 1956 kamfanin Ampex na Amurka ya fito da na'urar naɗar bidiyo ta kasuwa, ita ma tsadarta ta sa sai manyan tashoshin talabijin ke iya saye.

Bruch ya koma Telefunken a 1950, kuma a ɗakin bincikensa na Hannover ya yi aikin da ya fito da sunansa. Amurka ta riga ta samar da talabijin mai launi da tsarin NTSC tun 1953, sai dai launin kan gurɓata a hanya, fuskar mutum ta koma koriya ko shunayya. Dabarar Bruch ita ce a riƙa juya siginar launi daga layi zuwa layi, ta yadda kuskuren wannan layin zai soke na mai bi masa. Ya nuna wa ƙwararrun Turai tsarin a ranar 3 ga Janairu, 1963, aka sa masa suna PAL.

Ana ba da labarin cewa ya ƙi a sa wa tsarin sunansa ne saboda kalmar Bruch a Jamusanci na nufin karyewa, kuma ba mai sayen talabijin da ke ɗauke da irin wannan suna.

BBC ta fara watsa shirye-shirye masu launi da PAL a Yulin 1967. Jamus ta Yamma ta biyo baya a ranar 25 ga Agusta, lokacin da Willy Brandt ya danna maɓalli a baje-kolin kayan rediyo na Berlin. Najeriya da Ghana PAL suka ɗauka, Nijar kuwa ta bi SECAM na Faransa. Duk wanda ya kalli NTA a tsohuwar talabijin mai ƙeya, aikin Bruch ya kalla. Har yanzu na'urorin naɗar hoton CCTV da yawa kan nemi mai haɗa su ya zaɓi PAL ko NTSC.

Bruch ya mutu a Hannover a ranar 5 ga Mayu, 1990, yana da shekara 82.