Mai Idris Aloma: Sarkin Borno da ya bar tarihi, bai bar hoto ba

Ruwan da ke raya gonakin shinkafa na Zabarmari da sauran fadamun Ƙaramar Hukumar Jere, kogin Ngadda ne ke kawo shi, bayan ya baro tafkin Alau ya ratsa cikin Maiduguri. A gaɓar wannan tafki ne riwayoyin Borno suka ce aka binne Mai Idris ɗan Ali, fiye da shekara 400 da suka shuɗe, kuma daga sunan wurin aka samo laƙabin da duniya ta san shi da shi, wato Aloma. An san sunan mahaifinsa da na kakansa, an san garuruwan da ya ci da yaƙi, har kwafin wasiƙun da Sarkin Santambul ya aiko masa yana nan a adane. Kamannin fuskarsa ne kaɗai ba su iso ga na baya ba.

Wannan giɓi ya zama abin lura a yau, domin manhajojin ƙirƙirarriyar basira na iya fito da fuskar kowane mutum cikin ƙiftawar ido, ko da kuwa ba wanda ya taɓa zana shi.

A shekarar 2020, wani mai zane ɗan ƙasar Kanada, Daniel Voshart, ya fito da fuskokin sarakunan Daular Rumawa 54, tamkar an ɗauke su da kyamara. Ya fara daga Augustus, wanda ya hau mulki shekara 27 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), har zuwa sarakunan shekara ta 285. Ya tattara hotuna kusan 800 na mutum-mutumin da aka sassaƙa na sarakunan, ya duba kawunansu da ke jikin sulallan zamanin, ya bi bayanan marubuta irin su Suetonius kan launin gashi da na ido, sannan ya haɗa su a manhajar Artbreeder. Duk da wannan tarin madogara, shi da kansa ya bayyana aikin a matsayin fahimtar mai zane. Dalili kuwa a fili yake: Augustus ya mutu yana da shekara 75, amma masassaƙa sun ci gaba da nuna shi yana saurayi, alhali Suetonius ya ruwaito cewa haƙoransa ƙanana ne masu giɓi, ba su kuma samu kulawa ba.

Idan haka lamarin yake ga sarkin da aka sassaƙa ɗaruruwan siffofinsa, to na Mai Idris ya fi wuya. Sarakunan Borno ba su buga sulalla da kawunansu ba, ba su kuma ajiye masassaƙan mutum-mutumi a fada ba, kuma masana ba su san wani zane da aka yi na fuskarsa yana raye ba. Sai bayan fiye da ƙarni biyu, a 1823, Baturen Ingila Dixon Denham ya gana da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi a Kukawa, aka buga zanen Shehun a littafin tafiyarsu a Landan a 1826. Shi Mai Idris, gadon da ya bari na rubutu ne da tubali da riwaya, kuma daga nan ne ake sanin ko wane ne shi.

Gidan da ya fito

Mai Idris ɗan gidan Sefawa ne, zuriyar da ta shafe ɗaruruwan shekaru tana mulki a Kanem, gabashin tafkin Chadi, kafin Bulala su tilasta mata yin ƙaura zuwa Borno a ƙarshen ƙarni na 14. A ƙarni na 15 Mai Ali Gaji ya kafa sabuwar hedikwata, Birnin Ngazargamu, kusa da kogin Komadugu Yobe, inda kufansa yake a Jihar Yobe ta yau. Kakan Mai Idris, wato Idris Katagarmabe, ya koma Kanem da yaƙi har ya shiga tsohon birnin Njimi, amma rikici da Bulala bai kwanta ba.

Mahaifinsa, Mai Ali, ya rasu bayan ɗan gajeren mulki, Idris yana ƙaramin yaro. An ruwaito cewa mahaifiyarsa 'yar gidan sarautar Bulala ce, ke nan yana da jini a ɓangarorin biyu na wannan daɗaɗɗiyar gaba. Masu riwayar baka suna kawo labarin Aisa Kili, wadda suka ce ta riƙe sarauta har ya isa hawa, suna kuma danganta mata fadar jan tubali ta Gambaru da ke kusa da Ngazargamu. Game da shekarun mulkinsa, masana sun rabu: tsohon lissafi ya ce daga 1571 zuwa 1603, shi kuwa masanin Jamus Dierk Lange ya sa shi daga 1564 zuwa 1596.

Mafi yawan abin da aka sani game da shi ya fito ne daga alƙalamin babban limaminsa, Ahmad Ibn Fartuwa, wanda ya rubuta littattafai biyu da Larabci, ɗaya kan yaƙe-yaƙen Borno a 1576, ɗaya kan na Kanem a 1578. Matafiyin nan Heinrich Barth ya samu kwafinsu a Kukawa a farkon shekarun 1850, H. R. Palmer ya fitar da fassarar Turanci a 1926, Lange kuma ya sake tace matanin ya buga a 1987. Hankalin limamin ya fi karkata ga ranakun tafiya, da wuraren da runduna ta yada zango, da hukunce-hukuncen sarki.

Gyaran ƙasa

Mai Idris ya yi aikin Hajji a farkon mulkinsa, ya kuma samar wa alhazan Borno masauki a Makka. Da ya dawo, ya maye gurbin masallatan zana da na tubali a babban birninsa. Ya ɗauke shari'a daga hannun masu riƙe da garuruwa ya miƙa wa alƙalai, ya ƙarfafa wa talakawa su kai ƙara gaban malamai masana fikihu. Ya tsayar da ma'auni guda na awon hatsi domin mai saye da mai sayarwa su daina cutar juna, matsalar da duk manomin da ya taɓa kai shinkafa ko gero kasuwa ya san zafinta. Ya kuma sa aka ƙera manyan jiragen ruwa, waɗanda suka taƙaita kwanakin da runduna da ayari ke ɓatawa wajen haye kogi.

A fagen soja, ya kawo 'yan bindiga Turkawa, ya sa aka koya wa bayin fada harbi. Ya yi amfani da raƙuman Koyam wajen bin abokan gaba cikin hamada, ya kuma ɗauki dabarar kafa sansani mai ganuwa a ƙofar maƙiyi, a zauna musu har su gaji.

Wannan dabara ce ya yi wa al'ummar Sau-Gafata, waɗanda ke zaune cikin dazuzzukan da ke kusa da babban birnin. Ya kafa sansani a yankin Damasak, ya sa aka riƙa sare bishiyoyin da suke fakewa a ciki, ana lalata musu amfanin gona kafin ya nuna, har yunwa ta karya su. A garin Amsaka mai shinge da gwalalo, ya gina hasumiyoyi domin 'yan bindiga su riƙa harbi daga sama, aka cike gwalalon, aka fasa garin. Ibn Fartuwa bai ɓoye abin da ya biyo baya ba: an kashe mazaje da yawa, an kama mata da yara bayi. Bayi na cikin manyan hajojin da ayarin Borno ke kaiwa arewa ta Kawar da Fazzan zuwa Tarabulus, inda ake musanyo dawaki da makamai.

Ya yaƙi Ngizim a yamma, ya kori Abzinawa masu kai hari daga arewa, ya kuma kai farmaki ƙasar Kano, inda ya rushe garuruwa masu shinge da ake tasowa daga cikinsu a kai wa Borno hari, ko da yake Dala ta gagare shi. Yaƙinsa mafi tsawo shi ne na Kanem, inda ya yi ta komawa shekara bayan shekara, har aka kai ga sulhun da ya raba ƙasar tsakanin Borno da Bulala, aka kuma naɗa sarkin Bulala mai ɗasawa da shi.

Hulɗa da manyan dauloli

Turkawan Usmaniyya sun karɓe Tarabulus a 1551, daga baya suka miƙa ƙafa zuwa Fazzan, hanyar da kasuwancin Borno ya dogara a kai. Mai Idris ya tura jakadu Santambul wurin Sarki Murad na Uku, yana neman kariya ga fatake da alhazan ƙasarsa, da kuma a mayar masa da wata ganuwa a yankin Fazzan. Amsoshin da aka rubuta a 1577 sun nuna an amince da batun tsaron matafiya, an ƙi na ganuwar.

Bai tsaya nan ba. A farkon shekarun 1580 ya aika wa Sarkin Maroko, Ahmad al-Mansur, yana neman taimakon sojoji da bindigogi. Marubucin fadar Maroko, al-Fishtali, ya ruwaito cewa al-Mansur ya gindaya sharaɗin a yi masa mubaya'a a matsayin halifa. Shi dai al-Mansur ne ya tura rundunar da ta karya Daular Songhai a Tondibi a 1591. Borno kuwa ta tsaya da ƙafarta, ta zama babbar daular Musulunci da ta rage a tsakiyar ƙasashen Sudan na wancan zamani.

Ƙarshen rayuwarsa

Littattafan Ibn Fartuwa sun tsaya ne a wajen shekara 12 na farkon mulkin, saura kuwa sai riwaya. An ce Mai Idris ya gamu da ajalinsa a wani yaƙi da ya fita can kudu, ta wajen Bagarmi, inda wani da ya laɓe a kan bishiya ya jefe shi da makami. Aka binne shi a Alau. 'Ya'yansa uku, Muhammadu da Ibrahim da Umaru, sun yi sarauta a jere bayansa. Ngazargamu ta ci gaba da zama cibiyar ilimi da kasuwanci har mayaƙan jihadi suka ci ta a 1808, mulkin Sefawa kuma ya ƙare a 1846.

Tafkin da ya ba shi suna, a kansa aka gina madatsar ruwa ta Alau a shekarun 1980, wadda ɓallewarta a watan Satumba na 2024 ta jefa Maiduguri da Jere cikin ambaliya. Mutanen da ke noma da kamun kifi a bakin wannan ruwa, maƙwabtan makwancin sarkin ne, ko sun sani ko ba su sani ba.

Haɗarin fuskar aro

Manhajar ƙirƙirarriyar basira tana koyo ne daga miliyoyin hotunan da aka loda mata. In aka ba ta hoton mutum-mutumi, tana da ƙashin da za ta ɗora wa tsoka. In kuwa suna kawai aka ba ta, sai ta tsinto rawani daga nan, gemu daga can, sulke daga wani fim, ta haɗa mutumin da bai taɓa rayuwa ba. Duk hoton da aka ce na Mai Idris Aloma ne, a cikin wannan rukuni na biyu yake. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a nan matsalar take: ɗalibin da ya ga kyakkyawar fuska a wayarsa zai riƙe ta fiye da shafi goma na bayani, in hoton ya shiga littafin makaranta ba tare da alama ba, sai ya zama hujja ga 'yan baya.

Irin wannan hoto yakan fito da jarumi tsaf, ba tabo. Rubutun da aka gada ya fi shi faɗar gaskiya, domin a cikinsa ana ganin sarkin da ya gina masallatai ya daidaita mudu, ana kuma ganin wanda ya sa aka lalata gonakin mutane ya sayar da kamammu. Shi ma Ibn Fartuwa bafade ne mai yabon ubangidansa, kamar yadda masassaƙan Rum suka ƙawata Augustus, don haka ne masana ke auna maganarsa da takardun Santambul da na Maroko da kuma abin da kufai ya nuna.

Ba laifi ba ne mai zane ya ƙiyasta kamannin Mai Idris domin fim ko baje-koli, matuƙar ya rubuta a jiki cewa ƙiyasi ne, kamar yadda Voshart ya yi. Amma akwai ayyukan da suka fi wannan gaggawa, waɗanda fasahar zamani za ta iya taimaka musu: ɗaukar hotunan tsofaffin rubuce-rubucen Borno da adana su a kwamfuta, fassara littattafan Ibn Fartuwa zuwa Hausa da Kanuri domin ɗaliban sakandare, da kare ragowar ganuwar Ngazargamu da tubalan Gambaru daga zaizayar ƙasa da masu kwasar tubali. Waɗannan su ne abubuwan da aka tabbatar sun fito daga zamanin Mai Idris Aloma, kuma in suka salwanta, babu manhajar da za ta dawo da su.