Abdulƙadir ɗan Tafa, malamin da ya adana tarihin daulolin ƙasar Hausa

Malam Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, yana daga cikin manyan malaman da Daular Sakkwato ta yaye a ƙarni na 19, kuma yana cikin na farkon da suka zauna suka rubuta labarin daulolin da suka yi zamani a ƙasar Hausa kafin jihadi.

Ya rayu shekaru sittin, daga 1804 zuwa 1864, kuma galibin rayuwarsa ya yi ta ne yana karantarwa a garin Salame da ke arewa da birnin Sakkwato.

Duk da cewa ilminsa ya kai har Turai tun yana da rai, an daɗe ana karanta littafinsa na tarihi da sunan wani, lamarin da ya sa sunansa bai yi tashe kamar na sauran malaman gidansu ba.

Haihuwa da tashinsa

An haifi Ɗan Tafa a shekarar 1804, wato shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, kuma a cikinta ne aka gwabza yaƙin Tafkin Kwatto da rundunar Sarkin Gobir Yunfa.

Mahaifinsa, Malam Mustafa, wanda ake kira Malam Tafa, almajirin Shehu ne kuma ɗaya daga cikin magatakardansa. Mahaifiyarsa kuwa ita ce Khadija 'yar Shehu, wadda ita ma malama ce a karan kanta.

Ke nan Shehu kakansa ne na wajen uwa, Muhammadu Bello kawunsa ne, Nana Asma'u kuma 'yar'uwar mahaifiyarsa ce.

Yana ɗan shekara 13 Shehu ya rasu a 1817. Saboda haka shi bai yi yaƙin jihadi ba, amma ya tashi a tsakiyar waɗanda suka yi shi, ya kuma ji labarinsa daga bakinsu, tare da labarin sarakunan Gobir da na Zamfara da na Kabi waɗanda dattawan lokacin suka riska ko suka ji daga iyayensu.

Ya fara karatu a hannun iyayensa, sannan ya ɗauki ilmin tasawwufi a wurin kawunsa Muhammadu Sambo ɗan Shehu. Bayan fiƙihu da nahawu da tafsiri, ya zurfafa a fannonin da ba kowane malami ke shiga ba, irin su lissafi da ilmin taurari da falsafa.

Malam Tafa ya kafa makaranta a Salame, kuma bayan rasuwarsa ɗan nasa ne ya ci gaba da riƙe ta.

Littafin Raudatul Afkar

Wajen shekarar 1824, yana da kimanin shekara ashirin, Ɗan Tafa ya rubuta littafin da aka fi saninsa da shi, wato Raudatul Afkar, da harshen Larabci.

Littafin ba mai kauri ba ne, amma ya sha bamban da yawancin rubuce-rubucen zamaninsa. Malaman jihadi sun fi mayar da hankali ga kafa hujjar jihadin da bayyana hukunce-hukuncen shari'a, in ban da Bello da ya kawo bayanin ƙasashe a Infaƙul Maisur a 1812.

Shi Ɗan Tafa ya ɗauki sarakunan da suka gabaci kakansa a matsayin abin nazari. Ya bi yadda ƙarfin mulki ya riƙa sauya hannu tsakanin Barno da Songhai da Kabi da Zamfara da Gobir, sannan ya jero abubuwan da suka faru a shekarun jihadi ɗaya bayan ɗaya.

Zamanin da ya yi rubutu a kansa, daga ƙarni na 16 zuwa na 18, zamani ne na manyan dauloli a duniya, kuma ƙasar Hausa tana tsakiyar biyu daga cikinsu.

A yamma akwai Songhai, wadda Askiya Muhammadu ya hau gadon mulkinta a 1493, ya yi aikin hajji a tsakanin 1496 da 1497, ya kuma komo da matsayin halifa a ƙasashen Tukururu. Wajen 1516 ne Kanta na Kabi ya ɓalle daga gare shi bayan saɓani a kan rabon ganimar yaƙin Agadas, ya kafa ƙasarsa mai hedkwata a Surame.

A gabas kuma akwai Barno, wadda a zamanin Mai Idris Aloma ta aika jakadu zuwa Santambul a shekarun 1570, ta kuma samu bindigogi da masu koyar da harbinsu daga Turkawa.

A 1591 sojojin Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur suka ƙetare Sahara da bindigogi, suka fatattaki rundunar Songhai a Tondibi. Bayan wannan faɗuwa biranen Hausa suka ci gaba da gasar mallakar hanyoyin fatauci, inda Kano da Katsina suka shafe shekaru suna yaƙi. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Muhammadu Zaki ya tare a Karaye domin fuskantar Katsinawa, kuma a can ya rasu.

Daga baya Zamfara ta yi tashe, sai kuma Gobir, wadda sarkinta Babari ya ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18 ya zauna a Alƙalawa, birnin da masu jihadi suka ci a 1808.

Abin da Raudatul Afkar ya yi shi ne ɗora jihadin Shehu a kan wannan doguwar silsila ta tashi da faɗuwar dauloli. Mai karanta shi zai ga cewa ƙasar Hausa tana da tarihin sarauta da yaƙi da haraji tun ƙarnuka kafin 1804, kuma jikan Shehu da kansa ne ya ga dacewar a adana shi.

Jayayya da Hamdullahi

Sanin tarihin Songhai ya yi wa Daular Sakkwato amfani a siyasance.

A 1818 Shehu Ahmadu Lobbo ya kafa daula a Masina, cikin ƙasar Mali ta yanzu, mai hedkwata a Hamdullahi. Da farko ya nemi goyon bayan Sakkwato, amma daga baya dangantaka ta yi tsami a kan batun wa ya kamata ya yi wa wani mubaya'a.

Wani malamin fadarsa, Nuhu ɗan Ɗahiru, ya rarraba wasiƙa zuwa ƙasashen Musulmi yana cewa Ahmadu Lobbo shi ne halifa na goma sha biyu da aka yi bushara da zuwansa, kuma magajin Askiya Muhammadu. Hujjarsa ita ce wani littafi mai suna Tarikhul Fattash, wanda aka ce tsoho ne tun zamanin Askiya.

Da a ce an karɓi wannan da'awa, da matsayin Sarkin Musulmi ya koma ƙasa da na Sarkin Masina.

Ɗan Tafa ne ya rubuta raddi daga ɓangaren Sakkwato, inda ya ƙi amincewa da da'awar.

Fiye da shekara ɗari bayan haka, a 1971, masanin tarihi Nehemia Levtzion ya nuna cewa sassan busharar cusa su aka yi cikin wani tsohon littafi na ƙarni na 17. A 2020 kuma Mauro Nobili ya wallafa littafi yana kafa hujjar cewa Nuhu ɗan Ɗahiru ne ya tsara Tarikhul Fattash a siffar da aka san shi da ita.

Haɗuwarsa da Barth

A 1853 Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawon bincike a madadin gwamnatin Ingila, ya iso ƙasar Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu.

A nan ya haɗu da Ɗan Tafa, ya kuma bayyana shi a littafinsa a matsayin wanda ya fi kowa ilmi a cikin mutanen Sakkwato na wannan zamani.

Barth ya nuna cewa daga wurinsa ne ya samu bayani a kan sarakunan gidan Askiya, waɗanda malamin ke da tarihinsu a ka, kuma hakan ya taimaka masa wajen fahimtar alaƙar ƙasashen yamma da ƙasar Hausa.

Jim kaɗan bayan nan, a Gwandu, Barth ya samu kwafin Tarikhus Sudan, ya kwafi sassa daga ciki ya aika Turai. Ya ɗauka Ahmad Baba ne ya wallafa shi, alhali kuwa na Abdurrahman as-Sa'adi ne, wanda ya kammala shi wajen 1655.

Littafin tafiye-tafiyen Barth ya fito cikin juzu'i biyar tsakanin 1857 da 1858, kuma ta hanyarsa ne masu karatu a Turai suka fara samun tsararren tarihin Songhai. Wani ɓangare na wannan sani daga zauren malamin Salame ya fito.

Falsafa da sauran rubuce-rubuce

Tarihi ɗaya ne kawai daga cikin fannoninsa. An san littattafansa fiye da arba'in, a zube da kuma a waƙe.

Daga cikinsu akwai Al-Futuhatur Rabbaniyya da Kulliyyatul Alamis Sitta, waɗanda suka shafi asalin halitta da rai da makomarsa, da kuma Al-Uhud wal Mawasiƙ, inda ya jero alkawuran da ya ɗaukar wa kansa a kan neman ilmi da koyar da shi.

Waɗannan littattafai ne suka sa masana na baya-bayan nan, irin su Oludamini Ogunnaike, suke lissafa shi cikin fitattun masana falsafa na Afirka ta Yamma.

Ana kuma danganta masa Mausufatus Sudan, waƙar Larabci a kan tarihin jihadi wadda ta samo tushe daga waƙar Fulatanci ta Nana Asma'u.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Ɗan Tafa ya rasu a 1864, a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku. Ya ga mulkin Bello da na Atiku da na Aliyu Babba, kuma bai riski zuwan Turawan Ingila da suka ci Sakkwato a 1903 ba.

A 1916 jami'in mulkin mallaka H. R. Palmer ya fassara Raudatul Afkar zuwa Turanci, ya buga a wata mujallar nazarin Afirka da ke Landan, amma sai aka jingina littafin ga Muhammadu Bello. Marubuta da dama sun bi wannan kuskure tsawon shekaru.

Gyaran ya zo ne sa'ad da masana suka koma ga ainihin rubutattun littattafan Larabci a Sakkwato da Ibadan da Zariya. Murray Last ya yi amfani da littafin a nazarinsa na Daular Sakkwato da ya fito a 1967, sannan John Hunwick ya jero ayyukan Ɗan Tafa da sunansa a kundin adabin Larabci na Afirka da ya wallafa a 1995.

A yau duk mai nazarin tarihin Kabi ko Zamfara ko Gobir kafin jihadi, da wuya ya kammala aikinsa bai leƙa Raudatul Afkar ba, domin rubutattun shaidu na wancan zamani kaɗan ne suka saura.

Sai dai har yanzu da yawa daga cikin littattafansa suna nan a rubuce da hannu, a ɗakunan adana kayan tarihi da kuma gidajen malamai, ba a buga su ba balle a fassara su zuwa Hausa.