Alhaji Alhassan Ɗantata da Yaran Gidansa

 Mu ɗaliban ajin ƙarshe mun zaɓi mu kawo tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano a littafin bana. Dalili kuwa, yawancinmu nan Garwa in mun tashi daga karatu kasuwa muke nufa, wani shagon babansa, wani yaron shago ne a wurin wani. To zaman maigida da yaransa abu ne da ya shafe mu kai tsaye.

An haifi Alhassan a Bebeji a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda aka sani da fatauci. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa kuma, ita ma 'yar kasuwa, ta tafi Akara a ƙasar Gana ta yanzu. Sai ya tashi a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata, daga nan ya samo sunan Ɗantata. Ya yi karatun allo a Bebeji. Da Basasar Kano ta ɓarke a 1893 tsakanin Tukur da Yusufu, yana cikin waɗanda aka kama, sai daga baya ya fanshi kansa. Wato kafin ya zama maigida ya ɗanɗani maraici, ya kuma san zama a ƙarƙashin ikon wani.

Da goro ya fara. Fatake na da sukan yi watanni a ƙasa da jakuna zuwa Gwanja su dawo. Shi yana cikin na farko da suka koma bi ta Legas, su hau jirgin ruwa zuwa gaɓar Gana. Da jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912 kamfanonin Turawa suka buɗe ido kan gyaɗa, Ɗantata ya zama babban mai saya wa kamfanin Neja, wanda daga baya ya shiga cikin UAC. Irin wannan ciniki dattawanmu sun san shi, don nan ma da damina jiragen kamfani sukan hawo Binuwai har tashar Garwa su kwashi gyaɗa da auduga. A 1929, da bankin Turawa ya buɗe a Kano, ana ba da labari cewa kuɗin azurfa ya kai musu a kan raƙuma 20.

Labarin raƙuman da na dalar gyaɗa kowa ya iya su. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda gyaɗar take taruwa. Mutum ɗaya fa ba zai iya zaga ƙauyukan Kano da Katsina yana awo ba. Wakilai ne da yara, ana ba kowa kuɗi tun kafin kaka, ya tafi kasuwar ƙauye inda babu waya, babu mai sa masa ido, ya sayo ya kawo, sannan a zauna lissafi. Ku duba nauyin da ke nan. Yaro yana riƙe da kuɗin da bai taɓa mallakar kwatankwacinsu ba, maigida yana Kano. In yaron yana jin ana cutarsa a gida, me zai hana shi ya cuci gidan?

Al'adar fatake ta riga ta tanadi amsa, kuma a kanta Ɗantata ya gina. Yaron maigida ana ciyar da shi, a ba shi wurin kwana, in ya isa aure a tsaya masa, in ya nuna amana da basira a ƙara masa jari har wata rana ya tsaya da ƙafarsa. Don haka yaro ba ya kallon kansa a matsayin ɗan ƙwadago na kwana ɗaya, yana da abin da yake jira a gaba. Shi ma maigida ba asara ya yi ba in yaronsa ya girma, ai ya samu abokin ciniki a wani gari. An kuma shaidi Ɗantata da rashin almubazzaranci, wannan ma yana da tasiri, don da wuya ka ce wa yaro ya tsimi sisi alhali yana ganin kana watsa fam.

Mu da muka karanta babin ƙiradi a Risala, abin bai zo mana baƙo ba. Mai dukiya ya ba da kuɗi, mai aiki ya juya, a raba riba bisa kason da aka yarda tun farko, in an faɗi ba da sakaci ba asarar kuɗi tana kan mai kuɗi. Ba mu ce duk cinikin gyaɗa na wancan zamani haka ya gudana ba. Manomin da ya karɓi kuɗi tun damina sau da yawa shi ne mai rauni a wurin awo, farashi kuma daga kamfanonin Turawa yake saukowa. Amma tsakanin maigida da wakilinsa, sharaɗi bayyananne da lissafi a kan lokaci su ne suka riƙe abin. Wallahi rigimar da muke gani a shagunan babbar kasuwa galibi daga nan take: yaro ya yi shekara bakwai bai san kasonsa ba, maigida kuma bai taɓa zama da shi a kan littafi ba.

Ɗantata ya yi aikin Hajji, ya kuma sa 'ya'yansa karatun addini tare da koyon ciniki. Ana cewa da ciwon ajali ya kama shi, ya yi musu wasiyya su zauna tare kada kamfanin ya watse. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari. 'Ya'yansa Sanusi da Ahmadu da Aminu suka ci gaba da harkar, Aliko Ɗangote kuma jikan Sanusi ne ta wajen uwa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.