Janar Murtala Muhammed da Zancen Cin Amanar Ƙasa

An haifi Murtala a birnin Kano ran 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi karatu a Kwalejin Barewa ta Zariya, ya koyo aikin soja a Sandhurst, Ingila.

A 1974 Janar Gowon ya ɗage alkawarin mayar wa farar hula mulki. Ran 29 ga Yuli, 1975, yana taro a Kampala, sai hafsoshi suka kifar da shi ba tare da zub da jini ba, suka ɗora Murtala. Bisa doka wannan cin amanar ƙasa ne, amma jama'a murna suka yi. Murtala ya kori ma'aikata da yawa kan zargin cin hanci, ya mai da jihohi 19, ya tsayar da 1979 don miƙa mulki.

Ran 13 ga Fabrairu, 1976, mutanen Laftanar Kanar Dimka suka harbe shi a Legas. Aka kama Dimka, aka zartar masa da hukuncin kisa na maci amanar ƙasa.

Dukansu biyu da bindiga suka zo. A ganina amanar ƙasa ta talakawa ce, kuma wanda ya karɓi mulki don ya mayar musu da shi bai ci ta ba. Allah ya jiƙan Murtala, amin.