Sergei Korolev: Injiniyan da ya kulle sitiyarin kumbon Gagarin

Ranar 12 ga Afrilun 1961, Yuri Gagarin ya zama mutum na farko da ya kewaya duniya a cikin kumbo, sai dai ba shi ya tuƙa ba. Na'ura ce ta ja ragamar kumbon Vostok, kamar yadda babban injiniyan shirin, Sergei Korolev, ya tsara.

An haifi Korolev a 1907 a birnin Zhytomyr da ke Yukren ta yanzu. Tun yana matashi yake ƙera jiragen sama marasa inji, har ya iya tuƙa su. A 1938 gwamnatin Stalin ta kama shi, ta tura shi aikin bauta a mahaƙar zinariya ta Kolyma. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya jagoranci ƙera rokokin Tarayyar Soviet, ciki har da wadda ta harba Sputnik a 1957.

Da aka zo batun tura mutum, likitoci sun ji tsoron kada rashin nauyi a sararin samaniya ya gusar masa da hankali. Korolev ya dogara da na'urar da ta dawo da karnuka biyu, Belka da Strelka, lafiya a 1960. Amma bai ɗaure hannun matuƙi gaba ɗaya ba. An kulle maɓallan tuƙi da lambobi uku, aka rufe lambobin a ambulan don ranar larura. Wasu jami'an shirin sun raɗa wa Gagarin lambobin tun kafin ya tashi.

Amfanin wannan ƙofa da aka bari ya bayyana a watan Maris na 1965. Na'urar daidaita kumbon Voskhod 2 ta ƙi aiki lokacin dawowa, sai aka umarci Pavel Belyayev ya karɓi tuƙin da hannunsa. Shi da Alexei Leonov sun sauka a dajin ƙanƙara na yankin Perm, nesa da inda ake jiransu, suka yi kwana biyu a can kafin a fito da su da ransu.

Korolev ya rasu ranar 14 ga Janairun 1966 yayin da ake yi masa tiyata a Mosko, yana da shekara 59. Sai bayan mutuwarsa hukumomi suka bayyana wa duniya sunansa.